Jar Motar Gwaram

“Karanta! Da ƙarfi nake so ki karanta!”

Alhaji Sabo ya dire wayarsa a kan tabarma, gaban 'yarsa Zuwaira. Ta ɗauka.

Tun kafin shafin ya gama buɗewa ta gane shi. Yo ina za ta mance? Abdurra'uf ne, malamin da ke zuwa daga Gwaram yana koya musu kwamfuta, ya rubuta mata 'yar manhajar nan wata uku da suka wuce. Zanen titi ne daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, da 'yar jar mota da ake ja da yatsa. In ta isa sai tambaya ta fito, ƙarƙashinta maɓalli biyu, Eh da A'a. Ranar da ya turo mata dariya ta yi har da hawaye, don A'a ɗin gudu yake yi duk inda yatsa ya dosa.

Ta ja motar. Tambayar ta fito.

“Za ki aure ni, Mas'uda?”

Innalillahi! Mas'uda fa, ƙawarta!

“Wata baƙuwar lamba ce ta turo mini,” in ji Alhaji. “Dama ni yaron nan bai kwanta mini ba. Shekara talatin ina harkar motocin gaske, a ce surukina mai zana ta ƙarya ne? Ashe ma kowace yarinya ɗauka yake a cikinta! Jibi Asabar ne iyayensa za su zo neman aurenki ko? To yau bayan la'asar zan aika Gwaram, kada wanda ya taso.”

Tana shiga ɗaki ta kira Abdurra'uf.

“Sanyin idona, yanzu nake...”

“Mu nawa ne?”

“Ku nawa kamar yaya?”

“Mu nawa ka ɗauka a jar motar taka, Abdurra'uf?”

Ta tura masa adireshin shafin, tana jin numfashinsa har ya gama gani.

“Wallahi Zuwaira aikina ne, amma ba ni na sa sunan nan ba.”

“Aljani ne ya sa?”

“Ki saurare ni, masoyiyata...”

Ta kashe wayar, ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta. Tana son mutumin nan, so na haƙiƙa, abin haushin ke nan.

Da azahar sai ga sallamar Mas'uda, an sha kwalliya kamar mai zuwa biki. Tare suka fara ajin kwamfuta, amma mako uku kacal ta yi ta gudu, wai rubutun na sa ta ciwon kai.

“Ƙawata, ki yi haƙuri,” ta ce tana matse ido. “Wallahi ban so kika gani ba. Ni ma turo mini kawai ya yi.”

Zuwaira ta ɗago a hankali.

“Wa ya ce miki na gani?”

“Au... ai... fuskarki ce ta nuna.”

Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba ta tafi, wai ta bar tukunya a wuta.

Zuwaira ta zauna zuciyarta na saƙe-saƙe. Shi ne maƙaryacin? Ita ce? Ko dai bakinsu ɗaya? Ta tuna ranar da ta nuna wa Mas'uda shafin a kwamfutar aji, tana ta rawar kai. Ta tuna kuma yadda Abdurra'uf ke murmushi in Mas'uda ta gaishe shi. To amma wa ne ba ya yi wa murmushi? Kai, yau kowa abin zargi ne a wurinta.

Ta jawo kwamfutarta. Bakin mutum na iya ƙarya, bari ta ga abin da hannu ya rubuta. Ta buɗe cikin shafin, inda rubutun da ke tuƙa motar yake, ta fara bi layi-layi.

A layi na huɗu ta tsaya cak.

Darasin mako na biyar ke nan, har Abdurra'uf cewa yake yi kada wanda ya mance: suna wuri ɗaya ake ajiye shi, can sama, duk inda ake buƙata a kira shi daga nan. Mai shafin, in zai sauya suna, layin nan kaɗai zai taɓa, cikin ƙiftawar ido ya gama. Amma ga layin nan lafiya lau da sunanta a ciki, ba a taɓa shi ba. Can ƙasa aka je aka goge wurin tambayar, aka cusa sunan Mas'uda da hannu. Aikin wanda bai kai mako na biyar ba.

Ta fito da gudu, ɗankwali a hannu. Alhaji na alwalar la'asar.

“Baba, kafin ka aika, don Allah ja motar nan da kanka.”

“Ke, ni sa'an wasanki ne?”

“Sau ɗaya, Baba. In ban yi gaskiya ba, ni da bakina zan ce na fasa.”

Ya goge hannu yana tsaki, ya ja motar har Gwaram. Tambayar na fitowa ya kai wa A'a yatsa. Maɓallin ya tsere gefe. Ya sake kai masa, ya haye sama.

“Kin gani ko? Har abin nasa ɗan yaudara ne!”

“Danna ɗayan, Baba. Duk fushi ya hana mu danna shi.”

Ya harare ta, ya danna Eh.

Jar motar ta yi ƙaho, ta juyo ta kamo hanyar Birnin Kudu. Rubutu ya fito a hankali.

“Na gode, Zuwaira 'yar Alhaji Sabo. Zan riƙe ki amana, kamar yadda mahaifinki ya riƙe ki.”

Ta bayyana masa yadda aka kwafi shafin, aka sauya sunan waje aka mance na ciki. Alhaji sai karanta layin yake yi yana maimaitawa.

“Ita kuma yarinyar, zan ga ubanta a tasha,” ya ce daga ƙarshe.

Zuwaira ta koma ɗaki ta kira Gwaram. Bugu ɗaya ya ɗauka.

“Ka yafe mini, rabin raina...” muryarta ta karye. “Na yarda da layi na huɗu kafin na yarda da kai.”

“Ni na koya miki dubawa ai,” ya ce, shi ma muryar tasa ba daidai take ba. “Baba fa? Mu taho?”

Ta leƙa ta taga. Alhaji na zaune a kan turmi, butar alwala a gefe, yana ta jan 'yar motar nan gaba da baya.

“Ku taho,” ta ce tana share hawaye. “Da yatsansa ya danna Eh.”