Dutsen Goge Kaushi

'Yardada ta unguwar Mandawari ba ta san a ce mata bari ba. Ranar da ƙanenta Ilu, mai safarar tayil, ya dawo daga Italiya, da kanta ta zazzage jakarsa tana neman tsaraba. Sai ga wani dutse ruwan toka, marar nauyi, duk huji.

"Yaya, ajiye shi," in ji Ilu. "A Pompeii na tsinto shi, garin Rumawan nan da dutse mai aman wuta ya binne da mutanensa. An ma hana ɗauka."

"To kai uban wa ya ba ka? Ka zo min hannu rabbana, sannan ka yi min rowar dutsen goge kaushi?"

Ana kiran magariba ta shige banɗaki da shi, ko addu'a babu. Ta jiƙa diddige, ta hau gurza. Ƙurrr. Ƙurrr.

Kiran sallar ya ɗauke cak.

Wari ya taso, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani abu mai ɗumi yana sauka a wuyanta. Ta shafa. Toka.

Ta ɗaga kai. A kusurwa ga mace durƙushe, ta rufe fuska da hannu, jikinta sandararriyar toka. Bayanta wani a kwance. Bayansa wasu, har can inda ya kamata a ga bango.

Matar ta sauke hannun. Ba ido, ba hanci, sai baki. Ba Hausa ta yi ba, amma 'Yardada ta ji raɗar sarai.

"Da kabarinmu kike goge ƙafa?"

'Yardada ta yunƙura za ta gudu. Ƙafar dama ta ƙi.

Diddigen ya zama dutse. Abin yana hawa.

Hannu mai zafi ya damƙi ƙwaurinta.

Da ƙyar ta fizgo a'uzubillahi, ta yi jifa da dutsen, ta faɗo tsakar gida da rarrafe.

Washegari Ilu ya naɗe dutsen ya mayar da shi Italiya ta gidan waya, ko sannu bai ce mata ba. Sai dai dutsen ya ragu. Abin da ta gurje yana nan maƙale a tsagar kaushinta. An jiƙa, an kankare, an yi tofi, ya ƙi fita.

Har yau jan ƙafar take yi. Duk magariba kuma ana tarar da toka mai ɗumi a bakin ƙofarta, da shatin gwiwoyi a ciki. Ragowar dutsen kabarinsu suke zuwa karɓa.