Ƙyallen da ke Cikin Lambatun Titin Alma

Aji uku na yi a makaranta aka sallame ni, amma duk Tolbury babu mai ilimin da zai ba ka labarin nan kamar ni. Kwal nake kaiwa gida-gida, babu ƙofar bayan da ban sani ba. Yaƙi biyu na gani. Bam ɗin Jamus ya kifar da gida a kaina, na fito ina neman hulata. Taifot ɗin 1949 ma ya kama ni, ya ga babu riba ya sake ni.

Yara kam bai sake su ba. An binne biyu 'yan firamare, wasu na kwance a asibitin killacewa, iyayensu na leƙensu ta gilashi. Kuma ba wanda ya san inda cutar ke fitowa.

Ana cikin haka, wata safiya mai kawo madara ya ga keken Mista Hobday, duba-garin hukuma, yashe a Titin Alma, hularsa kusa da murfin lambatu. Ya ruga caji ofis.

Sufeto Tapsell ya zo da Saje Mullins. Sufeton dogo ne, ba ya son surutu, ya bar yatsu biyu a fagen yaƙi. Sai da aka aro ƙugiyar ƙarfe daga ma'aikatar hukuma kafin murfin ya ɗagu. Hobday na can ƙasa, ƙeyarsa a fashe.

"Zamewa ya yi, yallaɓai," in ji Saje. "Tsanin da santsi."

"Ya zame, ya mutu, sannan ya taso ya rufe murfin?"

Sufeto ya ga wata igiya ɗaure a bakin ramin. Ya jawo ta, sai ga farin ƙyalle a ƙarshenta, ko gama jiƙa bai yi ba.

Ya kai wa Dakta Fenn, likitar lafiyar gari. Ta rame, idanunta sun yi ja.

"Dabararmu ke nan," ta ce. "Akwai mai ɗauke da cutar a cikinsa, shi yana lafiya lau, yana raba wa mutane ta abinci. Muna rataya bandeji cikin lambatu, ya kwana biyu mu gwada. Haka muka bi ƙwayar cutar titi-titi har Alma. Muna isa can sai gwajin ya koma fes, mako bayan mako. Hobday ya ce wani na yi mana wasa, zai yi sammako ya gani da idonsa."

Ta juya ƙyallen a kan tire. "Wannan ba bandejinmu ba ne. Irin wanda mahauta ke naɗe nama ne."

"Idan kun gano mutumin, me za ku yi masa?"

"Mu hana shi taɓa abincin mutane. Wataƙila a yi masa aiki. Sufeto, ka yi sauri. Jiya an kawo mini wani yaron."

Mahauci ɗaya ne a Titin Alma, Stan Pocock, ƙato mai jan wuya.

"Ina kake da asubar yau?" in ji Sufeto.

"Kan gadona. Tambayi matata, munsharina ya hana ta barci."

"Matarka na wajen 'yar'uwarta tun makon jiya. Kuma an ji ka ce za ka rataye Hobday a ƙugiyar nama."

"Duk mahaucin ƙasar nan ya faɗa wa duba-gari haka! Gaisuwarmu ce."

"Asuba nake tambaya."

Pocock ya goge hannu a riga. "To. Na je gona karɓo alade, wanda hukumar rabon abinci ba ta san da shi ba. Rabin 'yan sandanka sun ci. Ka kama ni a kan wannan in ka ga dama."

Sufeto ya ajiye ƙyallen a kan katako.

"Nawa ne," in ji Pocock. "Amma kyauta nake ba Edie Dunnage, tana tace romo da shi. Ita ke dafa wa 'yan makaranta, sai kwanan nan mijinta Wilf ya hana ta aiki. Wai ba ya son matarsa na wahala. Wilf! Mutumin da ko kwandon cefane bai taɓa ɗaukar mata ba."

A waje Saje ya ce, "Mace ba za ta ɗaga murfin nan ba, yallaɓai. Sai da ƙugiya."

"Wa ke da irinta ban da hukuma?"

"Masu tsaron unguwa lokacin bama-bamai. An ce su mayar bayan yaƙi, amma ka san mutanenmu."

"Wa ya tsare Titin Alma?"

"Wilf Dunnage," in ji Saje. "Mijin Edie. Shi ya tono uwata daga ƙarƙashin gini."

Ni ma shi ya tono ni, ko da yake na riga na fito da kaina har ƙugu.

Da la'asar suka ƙwanƙwasa ƙofar gidan Dunnage. Edie ta buɗe, gajeriya mai fara'a, hannunta duk garin fulawa. Wilf na zaune bakin murhu da tabarsa. Direban bas ne.

"Yau da sassafe ina kake, Mista Dunnage?"

"Gareji. Ni ke fitar da bas na farko."

"Ƙugiyar lambatun da aka ba ka lokacin yaƙi fa?"

"Na mayar tuntuni."

"Haba Wilf," in ji Edie daga kicin, "ba ita ce a ɗakin ɓuyan bam da ke can baya ba? Kullum sai na yi tuntuɓe da ita. Kuma yau ai hutu kake. Tsufa ya fara taɓa shi, yallaɓai, kada ka kula."

Saje ya fita ta baya. Edie ta shigo da shayi da faranti cike da biredi da yankakken nama.

"Zauna, yallaɓai. Ji yadda ka bushe, matarka ba ta ba ka abinci ne? Da hannuna na haɗa yanzun nan. Tun da wannan mutumin ya raba ni da yarana na makaranta, ba ni da wanda zan ciyar sai 'ya'yan maƙwabta."

Wilf ya ɗago kai da sauri. "'Ya'yan maƙwabta? Tun yaushe?"

"In ka fita aiki mana. Su zo ƙofa da yunwa in kore su?"

Sufeto ya ɗauki biredi ɗaya. Idonsa na kan Wilf. Ya kai shi baki a hankali.

"Ajiye."

"Na'am?"

"Na ce ka ajiye!" Wilf ya make masa hannu, biredin ya faɗi ƙasa.

"Wilf! Ka haukace? Baƙo ne fa!"

"Gaya mata dalili," in ji Sufeto. "Ko ni in gaya mata?"

Saje ya dawo riƙe da ƙugiyar. An wanke ta, amma akwai gashi maƙale a lanƙwasarta.

Wilf ya zauna ya dafe kai. "Ta yi zazzaɓin lokacin yaƙi, ta warke. Ni an yi mini allurar rigakafi a soja tun yaƙin farko. Da na ga yaran makarantarta ne ke faɗuwa, kuma igiyar Hobday na matsowa titinmu, sai na gane. Na cire ta daga aiki. Na riƙa sauya ƙyallen kafin ya zo ɗauka. Yau na ɗago kai na gan shi tsaye a kaina. Na roƙe shi, har durƙusawa na yi. Ya ce shi aikinsa zai yi. Ya juya zai hau keke."

"Don me ba ka kai ta wajen likita ba?"

"Ka san yayata Florrie? Kuku ce ita ma. Aka ce tana ɗauke da cutar, aka kai ta gidan mahaukata da hankalinta garau. Shekara ashirin ke nan tana can. Yanzu in na je ba ta gane ni."

"Dakta Fenn ta ce hana ta girki kawai za a yi."

"Haka aka ce wa Florrie."

Edie na tsaye riƙe da butar shayi. Ba ta yi kuka ba.

"Joyce Tebbutt," ta ce a hankali. "Kullum sai ta dawo neman ƙari. Nakan ɓoye mata ɓawon tuwon madara, don shi take so. Wilf, ni ce?"

"Edie..."

"Na je jana'izarta. Na rungume uwarta. Kana tsaye kusa da ni ka sani?"

Saje ya fito da ankwa, ya kasa saka wa Wilf, sai Sufeto ya karɓa ya saka da kansa.

Titin ya cika, kowace mace na bakin ƙofarta. Ni ina gefe da keken dokina, kuma ni da ban taɓa sunkuyar da kai don Jamusawa ba, ranar ƙasa na kalla. Aka tura Wilf cikin mota yana turjewa, yana waiwaye.

"Edie! Kada ki yarda ki shiga motarsu! Ki kulle ƙofa!"

Ita kuwa ta riga ta saka kwat ɗinta, ta cusa hannayenta biyu cikin aljihu.

"Yallaɓai," ta ce wa Sufeto, "ka buɗe mini ƙofar shingen nan, ba na son in taɓa. Ta ina ake bi zuwa ofishin likitar?"