Makabartar da Misbahu Ya Goge

Misbahu na ɗakinsa a Agege, yana gyara taswirar wasan tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Don kada abokan wasansa na ƙasashen waje su raina unguwarsu, ya goge makabartar unguwar daga taswirar, ya dasa dogon bene a wurin.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, sai wani ya yi sallama. Warin kafur ya cika ɗakin.

"Ɗage mana benen nan," in ji baƙon, muryarsa kamar daga rijiya. "Ya danne mana ƙirji."

Kunya ta sa Misbahu ya sunkuyar da kai. Hasken kwamfutar, wadda ke aiki da batir, ya nuna masa ƙafa mai yatsu huɗu, buɗu-buɗu da jar ƙasa, sak ƙafar mahaifinsa, wanda shekara uku ke nan bai je kabarinsa ba.