Kalmar Sirrin Auta

Ranar da Auta ta fara shiga shagon, kwamfutarta ce ta mutu ana gab da miƙa zanen ginin da zai fitar da ita daga jami'a. Shago ne ɗan ƙarami a ƙarƙashin bene, fanka na ƙugi, tsofaffin laftof jere a kanta kamar littattafai. Mai gyaran ya ɗago kai, ita kuwa ta nemi abin da ya kawo ta ta rasa.

"Taki kam ta gama aiki," ya ce bayan ya duba. "Amma ga wata mai araha. Na sa mata Linux, manhajar da kowa ke da ikon sarrafa ta yadda yake so. Ki je ki gwada, in ba ta yi miki ba ki dawo da ita."

Ya tura mata ita don ta sa kalmar sirri, sannan ya juya fuskarsa bango. Dariya ta kufce mata.

"Kai da ka haɗa ta?"

"Ni na haɗa, amma yanzu taki ce."

Zane ya fita lafiya. Daga nan laftof ɗin ta kama wasu cututtuka da Auta kaɗai ke gani, kullum tana hanyar shago.

"Injiniya, yau ma tana zafi," ta rubuta masa.

"Kawo ta, Gimbiya. Ni ma tun safe ban da lafiya."

Baba kuwa da ya ji labarin soyayyarsu, cewa ya yi ba zai ba mai kwance tsofaffin ƙarafa 'yarsa ba, ga ɗan amininsa mai mota yana sintiri. Ɗan aminin ya aiko mata da sabuwar laftof fil a kwali, mai sheƙi kamar faranti.

Da ta gaya wa Injiniya, sai ya rubuto: "Zaɓi naki ne." Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ɗauka bai damu ba, ta daina amsa kiransa. Can sai ga wani saƙon: "Ina son ki har ba na iya riƙe sukudireba. Tsoro nake in matsa miki."

Ta karanta ya fi a ƙirga.

Wata safiya Baba ya sa ta buɗe sabuwar ta zana masa ɗakin da zai ƙara a gida. Ta zo sa manhajar zane, na'urar ta nemi kalmar sirrin mai ita. Ta kira ɗan aminin, ta buɗe muryar wayar don Baba ya ji.

"Ai da sunana na buɗe ta," ya ce yana dariya. "Duk abin da kike so ki tambaye ni. Ina ma ganin duk inda kika kai ta."

Washegari Baba ya ɗauki wata tsohuwar kwamfutarsa ya fita, bai dawo ba sai la'asar.

"Auta, wannan yaron naki ciwon wuya gare shi? Ina zuwa sa kalmar sirri ya juya mini ƙeya, bai ma san ko ni wane ne ba." Ya gyara zama. "Ki ce ya turo manyansa."

Auta ta durƙusa tana kuka tana godiya, har sai da Mama ta ce ta tashi haka nan, kada ta jiƙa mata kafet.

Aka ɗaura aure, iyaye suka yi ta sa albarka. A sabon ɗakinsu ta jawo tsohuwar laftof ɗin za ta nuna masa hotunan biki. Tana ɗora yatsu, ango ya juya bango kamar kullum.

Ta kamo haɓarsa a hankali.

"Juyo, Zaɓina. Yau ni na ce ka gani."

Ya juyo, ta buga harafi bayan harafi yana kallo. Sunansa ne da ta gani a allon shagon, kuma tun ranar farko ba ta taɓa canza shi ba.

Allah Ya bar su tare, Ya albarkaci gidansu.