Yini Ɗaya a Venice

"Ba ni fasfo ɗina!"

Badaruddeen ya sauke jaridar hannunsa ya dube ni. Tsohuwar Baturiyar da ke gefenmu a jirgin ƙasan ma sai da ta ɗago daga saƙarta.

"Ummuna... lafiya?"

"Kada ka ce min Ummuna! Na ga takardar da ke aljihun kwat ɗinka. Sun ba ka aiki a Milan, ko ƙarya na yi?"

Ya ninke jaridar a hankali ya ajiye a cinyarsa.

Natsuwar nan tasa ta fi komai ƙona min rai.

Watanmu ɗaya da aure a lokacin, Disambar 1991, watan da gwamnati ta tattara ta baro Legas zuwa Abuja. Ma'aikatar su Baba ta riga ta taso, an ba shi gida a Nyanya. Badar kuwa shekara biyar ya yi a Italiya yana karatun zanen gine-gine, yanzu ya zo da ni zai karɓi takardar shaidarsa. Baba bai so aurenmu ba. Mika'ilu, ɗan baffana da na ƙi aura, shi ya yi ta zuga shi, wai wanda ya saba da Turai ba zai zauna a dajin Abuja ba. Har a filin jirgi sai da Mika'ilun ya raɗa min, "Ummukulsum, ki yi wa Umma kallon ƙarshe."

Ni kaɗai kuwa Umma ta haifa.

"Ki ba ni yinin nan kawai, sanyin idona. Kafin la'asar za ki ji amsa," in ji Badar.

Na juya ga taga ina share hawaye. Gonaki na wucewa cikin hazo... sai kawai ƙasa ta ƙare! Ruwa dama, ruwa hagu.

"Innalillahi! Badar, mun faɗa teku!"

Ban san sanda na ƙanƙame hannunsa ba. Ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Gada ce. Ga Venice can."

Muka fito daga tasha, na tsaya cak. Inda ya kamata a ga titi, ruwa ne kwance. Ba mota ko ɗaya! Wannan kwalekwale ya ɗauko kayan miya, wancan ya ɗauko katifa, ga 'yan sanda su ma a nasu. A Legas na girma, na san ruwa, amma ban taɓa ganin gidan da ƙofarsa ke buɗewa cikin ruwa ba.

Muka ratsa lungunan da kafaɗata ke gogar bango, muka ɓulla wani makeken fili. Tattabaru suka sauko min har kan mayafi, ina ihu yana dariya. A gabanmu ga wani tsohon coci, fuskarsa na walƙiya da ruwan zinare.

"Tsarki ya tabbata ga Allah... Badar, me ke riƙe da garin nan?"

"Itatuwa. Dubbai aka kafa cikin laka, aka ɗora dutse a kai. Mutanen da suka gudo daga yaƙi ne suka fara, ba su da komai."

Na daɗe ina kallonsa. Yadda idonsa ke ƙyalli yana shafa bangon nan, na san barinsa ba ƙaramin abu ba ne.

A kan wata 'yar gada na tsayar da shi.

"Ka karɓi aikin. Wa zai bar wannan ya koma cikin ciyawa da jar ƙasa? Zan zauna da kai. Umma... zan riƙa rubuta mata wasiƙa."

Kuka ya ƙwace min.

Ya riƙe fuskata da hannayensa masu sanyi.

"Tun makon jiya na ce musu a'a. Hukumar gina sabon birni ta ɗauke ni, watan gobe zan fara."

"Shi ne ka bar ni ina kuka tun safe?!"

"Da na faɗa miki a jirgi, cewa za ki yi tsoron Baba ne. Na so ki ga abin da na bari, ki san da zuciya ɗaya na bar shi. Nan sun gama gininsu, Ummuna. Mu ko titi ba mu gama ba."

Na kai masa duka a ƙirji, ya haɗa ni da hannun ya rungume.

Ranar da muka sauka Nyanya, Umma ba takalmi ta fito da gudu. Baba na zaune a ƙofar gida. Tunda aka ɗaura aurenmu bai taɓa kiran sunan mijina ba.

Ya kalle shi, ya kalli akwatunanmu, sannan ya matsa gefe a kan tabarmarsa.

"Badaru, zauna nan kusa da ni."