Ruwan da Aka Yanke wa Baffa

A ofishin mahaifinta ya fara ganinta, tsakanin jerin manyan robobin ruwan sha da ake kai wa gidaje, a biya wata-wata. Auta tana waya da wata tsohuwa cikin ladabi. Shi kuwa Alhaji, mahaifin nata, ne ya kira shi ya gina wa kamfanin tsarin biya. Ta ɗago, ya sunkuyar da kai yana gyara gilashin idonsa. Tun daga ranar ba ta kira shi da wani suna ba sai Mai Tabarau. Allah Shi ke haɗa zukata yadda Ya so.

Tsarin da ya gina ƙofa ɗaya gare shi: katin banki, a cire kuɗi kai tsaye. Abin da ya sha'afa shi ne kati yana da wa'adi. Duk wanda nasa ya mutu, sai na'ura ta tsayar da ruwansa, ta aika masa: “An dakatar da kai saboda rashin biya.”

Gidaje suka fara zamewa, ba wanda ya kawo ƙara. Motar da ke fita cike ta koma fita da rabi. Direbobi suka riƙa wuni a bakin ƙofa, ba mai kallon idon wani. Ɗan aminin Alhaji, wanda ya daɗe yana neman Auta, ya raɗa masa cewa saurayin sayar da abokan cinikinsa yake yi ga kamfanin tsallaken titi.

“Gida ɗari ka kore mini, sannan ka zo neman 'yata?” in ji Alhaji. “Idan watan nan ya ƙare a haka, na rufe kamfani, kai ma na rufe maka ƙofata.”

Auta ta daina ɗaukar wayarsa, zuciyarta cike da zargi. Saura kwana goma sha biyu watan ya ƙare ta je gaida Baffa, wan mahaifinta, sai ta ga robar wancan kamfanin a ɗakinsa. Ya miƙa mata saƙon. Ya ce shekara goma sha ɗaya bai taɓa tsallake wata ba, bai ma san kati yana mutuwa ba, ga shi ƙanensa ya kira shi maras biya.

Daga nan ta rubuta: “Mai Tabarau, ka yafe mini zargi. Ba amana ka ci ba, fuskar dattawa ka ci ba ka sani ba. Gobe ka sa takalmin tafiya.”

Ya amsa: “Sanyin idona, na ji, na tuba. Turo mini sunayen titunan.”

Ya buɗe hanyar turawa ta waya, da ta ba direba a hannu, ya sa jinkirin mako guda wanda mutum zai kira da baki kafin a taɓa ruwan kowa. Sannan ya bi gida-gida yana durƙusawa. Wasu ko ƙofa ba su buɗe ba. Ranar ƙarshen wata gida sittin da ɗaya ne kawai suka dawo.

Baffa ne ya zo da kansa, ya ce wa ƙanensa wanda ya iya neman gafara a ƙofa ɗari zai iya riƙe 'yar mutane.

Ranar ɗaurin aure shi ne waliyyi. Ya dubi ango ta saman gilashinsa ya ce, “Ɗana, sadakin dai a hannu. Ban yarda da kati ba.”

Allah Ya sanya albarka a tsakaninsu, Ya kare gidansu daga yankewar alheri. Amin.