Yatsan Dantani da Tsohon Ofishin En'e

Muna idar da sallar isha'i aka ɗauke wuta. Muka jawo tabarma tsakar gida, ni da ƙanwata Tabawa da ƙanena Nafi'u. Yaya Hashimu, ɗan kawunmu da ya zo mana kwana biyu daga Dutsen Marke, ya zauna a kan turmi ya rage murya.

"Kun san allon ƙarfen nan na jikin tsohon ofishin En'e na garinmu? Wanda aka rubuta wai ginin tarihi ne?"

Muka ce mun taɓa gani.

"To ku matso. Kada wanda ya yi dariya."

Ga abin da ya faɗa mana.

Akwai wani magini a garin, Dantani. Ginin ƙasa ya gada, tubali da azara da makuba. Bai yi boko ba. Amininsa tun suna wasan ƙasa shi ne Tukur, wanda ya zama sakataren ƙaramar hukuma.

Wata rana Tukur ya aika a kira shi.

"Mutumina, za mu sa a mayar da tsohon ofishin En'e ginin tarihi. In aka sa hannu, ba mai ikon taɓa shi har abada. Ana son magini ya duba ya shaida. Wa zan kira in ba kai ba?"

Dantani ya ji daɗi har cikin ransa. Kakansa na cikin waɗanda suka ɗora azarar ginin.

Ranar Laraba ya karɓi mabuɗi ya tafi shi kaɗai. Rana tsaka. Lokacin da inuwar mutum ke ɓuya a ƙarƙashin ƙafarsa. Ko akuya ba ta motsi.

Ya duba zauren gaba. Lafiya lau. Ya wuce ɗakunan baya, inda ake jibge tsofaffin takardu. Ya buɗe kwaɗo da hannunsa. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya sa ƙarfi.

Ciki sanyi. Ƙamshi kamar na ƙasa in an yi ruwan farko.

Wata tsohuwa na shara.

Dantani ya tsaya. Tsintsiya na tafiya tana dawowa, amma ba ya jin ƙararta. Ko kaɗan.

"Sannu da aiki, Iya."

Bakinta ya motsa. Amma ba daga bakin amsar ta fito ba. Daga sama ta sauko, daga cikin azara.

"Sannu, jikan Barmo."

Tabawa ta ƙanƙame hannuna. Yaya Hashimu ya ce, "Shekara arba'in da rasuwar Barmo. Ba mai kiran sunan nan kuma."

Dantani ya ja da baya. Ya yi ta karanto abin da ya sani a zuci. Tsohuwar ba ta gushe ba. Ta jingine tsintsiya.

"Kwantar da hankalinka. Kakanka a nan ya same mu. Ya nemi izini kafin ya kafa tubali. Muka ce ku ɗauki gaba, ku bar mana baya. Tun ranar ba mu taɓa ɗan'adam ba. Yanzu mun ji ana maganar takarda. Gaba da baya za ta kare?"

"Duka, Iya."

"In ji wa?"

"In ji Tukur. Aminina ne. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ba mu san Tukur ba. Kai muka sani. Dafa bango ka faɗa."

Ya dafa. Bangon da ɗumi, kamar jikin mai rai.

"Ba za a taɓa muku gida ba."

Da ya waiwayo, tsintsiya kaɗai ya gani.

Bai gaya wa kowa ba. Washegari ya koma wurin Tukur ya ce ginin garau yake, gaba da baya, zai ƙara shekara ɗari. Tukur ya zaro takarda da Turanci, ya turo masa tawada.

"Karanta mini tukuna."

"Haba mutumina! Ni da kai? Abin da ka faɗa ne aka rubuta."

Dantani ya ji kunya. Ya dangwala.

Bayan wata biyu aka yi biki. Rumfa, kujeru, makaɗa, manyan baƙi daga birni. Dantani ya sa babbar rigarsa ta Sallah, aka zaunar da shi a layin gaba. Aka yaye ƙyalle daga kan allon. Aka tafa. Sai mai sanarwa ya fara karanta takardar da Hausa.

"Daga yau zauren gaba da barandarsa sun zama ginin tarihi. Ɗakunan baya kuwa, bisa shaidar ƙwararren magini, Malam Dantani, sun rube, haɗari ne ga jama'a, za a kawar da su."

Aka sake tafawa. Wani ma ya dafa kafaɗarsa yana cewa sannu da ƙoƙari.

Can bayan ginin, katafila ta yi gurnani.

Ashe tuni Tukur ya yi wa surukinsa alkawarin filin, za a jera shaguna.

Dantani ya ratsa mutane ya same shi.

"Tukur, me na dangwala wa?"

Tukur ya ja shi gefe yana murmushi saboda idon baƙi.

"Rage murya. Rabi ya tsira, ba gara haka ba?"

"Ka dubi idona ka ce abin da na faɗa ne."

"Tsofaffin ɗakuna ne, mutumina. Ɓeraye da gara."

"Ka sa na yi alkawari."

"Ga wa?"

 Dantani ya juya da gudu, babbar riga na harɗe masa ƙafa.

Kafin ya zagaya, ɗaki uku sun kwanta. Direban ya kashe inji ya tafi sallar azahar. Ba kowa.

Sai ita.

Tana tsaye a kan ɓaraguzai, da ƙaton ƙunshi a ka. Ƙunshin na motsi. Daga cikinsa wani siririn kuka ke fita, kamar na jarirai da yawa da aka toshe wa baki.

Yanzu babu azara. Da bakinta ya motsa, daga cikin ƙirjinsa ya ji muryar.

"Jikan Barmo."

Ya zube a ƙasa. "Iya, wallahi ban sani ba."

"Mun san ba ka sani ba. Shi ya sa har yanzu kake numfashi. Amma yatsan naka ne. Miƙo."

Ya miƙa. Ta kama babban yatsansa na dama, ta shafa sau ɗaya. Sanyi ya ratsa shi har kafaɗa.

"Wannan kyautarmu ce. Ba wanda zai ƙara cin amana da shi."

Ta juya ta bi lungun bayan ginin. Ba sawu.

Ya dubi yatsan. Zanen ya goge tas, sumul kamar bayan ƙwai.

Nafi'u ya ce a hankali, "Tukur fa? Sun kama shi?"

Yaya Hashimu ya girgiza kai. "Ko ciwon kai. Ƙarin girma ma ya samu. Sau ɗaya ya je gidan Dantani da goro da turmin shadda. Dantani ya fito, ya dube shi, ya sa hannunsa a aljihu. Bai ce masa uffan ba har yau. Kuma tun ranar bai ƙara ɗora tubali a kan tubali ba. Ya ce wanda ya rushe gidan maƙwabci da hannunsa ba shi da fuskar gina wani."

Ya ƙara rage murya.

"Ita kuwa har yanzu ba ta sami masauki ba. In kun zo garinmu, ku kalli allon ta gaba, ku wuce. Kada ɗayanku ya bi lungun bayan nan shi kaɗai, balle da rana tsaka. In tsohuwa ta tare ku ta ce ku taimaka ku sauke mata kaya, kada ku ɗaga hannu. Wanda ya sauke mata, gidansa za su bi."

Tabawa ta ce, "Yaya, kai ka taɓa ganinta?"

Ya tashi daga kan turmi.

"Ni dai ban ɗaga hannu ba. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta."